Tafkin Kalmalo: Abin da sauyin yanayi ke yi wa ruwan da masuntan Illela suka dogara da shi

Illela ta yi suna da kasuwarta ta ranar Lahadi, da shanu da raƙuma, da kuma jerin manyan motocin da ke jiran tsallakawa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya zo cin kasuwa ya koma, ba lallai ba ne ya san cewa 'yan kilomitoci kaɗan daga cikin garin akwai tafkin da ya daɗe yana ciyar da masunta da manoman rani da makiyaya a lokaci guda. Sunansa Tafkin Kalmalo, kuma albarkacinsa ne aka kafa ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan noman rani na ƙasar Sakkwato a wurin.

Tun bayan farin da ya auka wa yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, tafkin bai koma yadda yake ba. Shekarar da damina ta yi albarka sai ya tara ruwa, wata shekarar kuma ya janye da wuri ya bar busasshiyar laka. An saba taƙaita bayanin da kalmomi biyu, wato sauyin yanayi. Akwai gaskiya a ciki, amma da saura. Abubuwa uku ne suka haɗu a kan Kalmalo: zafin da ke ƙaruwa, da daminar da ta sauya hali, da kuma shawarar da mutane ke yankewa a kan ruwan kafin ya iso. Biyun farko sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Na ukun kuwa aikin gwamnatoci ne, kuma a kansa ne talaka ke da damar neman ba'asi.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Kalmalo ba shi da babban kogin da ke zuba masa ruwa rani da damina. Abin da ke cika shi shi ne ruwan saman da ya sauka a kewayensa, da kuma ƙoramar Maggiya, wadda ke tasowa daga tuddan Adar a Jihar Tawa ta Nijar. Maggiya ba ta gudu sai da damina. Takan gangaro kudu maso yamma, ta ratsa ƙasar Ƙonni, ta tsallaka iyaka, sannan ta juye abin da ya rage mata a kwarin Kalmalo. Ke nan tafkin shi ne na ƙarshe a layi, sai kowa ya ɗiba sannan ya samu.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, Nijar ta gina madatsun ruwa biyu a kan Maggiya, ɗaya a Mozage ɗaya a Zango, domin shayar da gonakin noman rani na Ƙonni masu faɗin fiye da hekta 2,400. Dalilinta a fili yake. Ƙasa ce da ta sha baƙar yunwa a 1973 da 1974, tana neman abin da za ta ciyar da jama'arta. Dubban iyalai ne ke noman dawa da alkama da albasa a waɗannan gonaki har yau. A 2016 Nijar ta ƙulla yarjejeniyar tallafin dala miliyan 437 da hukumar MCC ta Amurka, kuma gyaran aikin noman ranin Ƙonni na cikin abubuwan da aka tsara yi da kuɗin.

Sai dai duk ruwan da aka tare a sama, an rage shi ne daga rabon na ƙasa. A shekarar ruwa mai yawa madatsun sukan cika su tumbatsa, Kalmalo ya samu nasa. A shekarar ƙarancin ruwa kuwa, abin da ke tsallakowa bai taka kara ya karya ba. Najeriya ta san wannan daga cikin gidanta. Bayan kammala Madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, noman shinkafa da su suka ja baya a ƙauyuka da dama.

Rabon da rana ke sha

A matsakaiciyar shekara, ruwan saman da ke sauka a yankin Illela da Ƙonni bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma kusan dukkansa a tsakanin Yuni da Satumba yake zuwa. Amma abin da rana da busasshiyar iska ke iya zuƙewa daga saman buɗaɗɗen ruwa a wannan yanki ya kai kimanin milimita 2,000 a shekara, wato mita biyu. Rana tana neman ninki uku ko huɗu na abin da sama ke bayarwa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan tafki yana asarar milimita shida a kowace rana, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa faɗuwar sabuwar damina a Yuni, kwana 240 ke nan, zai sauka da kusan mita ɗaya da rabi ko da ba wanda ya ɗebi guga ɗaya. Tafki mai zurfi yana iya jure wannan. Shimfiɗaɗɗen tafki marar zurfi irin Kalmalo kuwa, taƙi ɗaya na zurfin da ya rasa yana iya zama bambanci tsakanin kaiwa damina da ƙafewa a watan Maris.

A nan ne ɗumamar duniya ke shigowa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a tsakanin 2011 da 2020 zafin duniya ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin salshiyos, kuma 2024 ta zama shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye alƙaluma. A ranar 3 ga Afrilun wannan shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masana da suka bincika lamarin sun ce da ba don hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa ba, da irin wannan zafi bai auku ba. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100. Iska mai zafi iska ce mai ƙishirwa, kuma daga tafki da gona take sha.

Damina ta dawo da wani hali

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sauyin yanayi a Sahel yana nufin raguwar ruwan sama kawai. Haka abin ya kasance a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ruwa ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarun 1950. A wannan zamanin ne Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na haka. Daga shekarun 1990 zuwa yau ruwan ya ɗan farfaɗo, amma salon zuwansa ya sauya. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982.

An ga haka a 2024. Ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma a watan Satumba Madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Mutanen Sakkwato ma ba su manta da ambaliyar 2010 a kwarin Rima ba.

Wani zai ce ai ruwa mai yawa alheri ne ga tafki. Haka ne a shekarar farko. Amma ruwan da ya sauko da ƙarfi a kan ƙasar da aka sare itatuwanta, aka kuma kiwace ciyawarta, ba ya tsayawa ya nutse. Yakan kwashi yashi da laka ya gangara da su, ya jibge a inda ya tsaya. Madatsun Mozage da Zango sun riga sun rasa wani ɓangare na cikinsu saboda wannan cikowar. Irin abin da ke samun duk wani tafkin da ke ƙarshen ƙorama ke nan: kowace ambaliya tana ɗaga ƙasansa, ruwan da ya shigo ya bazu a fili maimakon ya taru a zurfi, rana ta same shi a shimfiɗe ta shanye. Don haka ana iya ganin ambaliya a Agusta da ƙafewa a Maris a wuri guda, kuma sanadinsu ɗaya.

Me wannan ke yi wa kifi?

Yawancin kifayen ƙasar Hausa da ambaliya suke haihuwa. Idan ruwa ya hau ya shiga ciyayi, tarwaɗa da karfasa da sauransu sukan bi shi su zuba ƙwai a inda 'ya'yansu za su samu abinci da maɓoya. Suna bukatar ruwan ya hau a kan kari, ya kuma daɗe makonni kafin ya janye. Ruwan da ya zo a dare ɗaya ya wuce yakan bar 'ya'yan kifi a ƙananan kududdufai, tsuntsaye da rana su gama da su.

Na biyu shi ne numfashi. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta da yawa. A digiri 20, lita ɗaya ta ruwa tana iya riƙe kimanin miligiram 9. A digiri 35 kuwa ba ta wuce 7, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi bukatarta. Idan ruwa ya ragu, ruɓaɓɓun ciyayi suka yi yawa, iskar takan ƙare gab da asuba, a wayi gari kifi na yawo a sama.

Waɗanda ke tsira su ne masu taurin rai. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska, gaiwa kuma takan binne kanta a laka ta jira damina. Kifin da ke bukatar ruwa mai zurfi da tsabta, irin giwan ruwa, shi ke fara ɓacewa. Idan tafki ya tsuke, kifin da ya rage yakan taru wuri guda, kamu ya yi sauƙi, a yi 'yan makonni ana murna da kasuwa. Amma iyayen kifin baɗi ne ake kwashewa. Asarar kuma ba ta tsaya ga mai koma ba, takan bi ta kan matan da ke banda da suya, da masu saƙa raga, da dillalai, da mai shanun da zai nemi wani mashayin, wanda sau da yawa yana kusa da gonar wani.

Ko kiwon kifi zai cike giɓin?

Alƙaluman da gwamnatin tarayya ke bayarwa sun nuna Najeriya na bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, amma abin da take samarwa bai wuce sulusin haka da yawa ba. Shi ya sa ake yawan nuna wa matasa kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na leda a matsayin mafita. Sana'a ce mai amfani, amma ita ma tana ƙarƙashin rana ɗaya da tafkin.

Ƙaramin tanki ya fi tafki saurin ɗaukar zafi, kuma a bazara dole a riƙa sauya ruwa akai-akai. Ruwan daga rijiyar burtsatse yake fitowa, ita kuma rijiyar da ke kwarin fadama tana shan abin da tafki da ambaliya suka tsiyaya mata ne. Idan tafki ya daina daɗewa da ruwa, ba jimawa sai an ƙara zurfin rijiya. Injin jan ruwa yana cin fetur, wanda kuɗinsa ya ninka bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Abincin kifi shi ke cinye fiye da rabin jarin mai kiwo, kuma ana haɗa shi ne da masara da waken suya, waɗanda farashinsu ke bin yadda damina ta kasance. Inuwa a kan tanki, da injin da ke aiki da hasken rana, da shayar da lambu da ruwan da aka zubar, duk suna rage asara. Amma masunci da ya gaji koma da gora ba shi da jarin da zai shiga wannan harkar sai an tallafa masa.

Darasi daga bakin teku

Babbar hanyar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gininta a Oktoban 2024 za ta tashi daga Illela ta ƙare a Badagry ta Jihar Legas, tafiyar kilomita 1,068. A wancan ƙarshen ma tafkuna ne marasa zurfi, waɗanda ruwan kogi da na teku ke haɗuwa a cikinsu. Irin waɗannan tafkuna sun bazu a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma dubban mata ne ke rayuwa da tsinta da kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu dangin ƙumba.

Matsalarsu ta yi kama da ta Kalmalo. Kawa tana son gishiri daidai wa daida: ambaliya mai ƙarfi takan tsarma ruwan ya yi salam, fari kuma ya sa gishiri ya yi yawa, kowanne yana iya kashe ta. Ga kuma ƙarin wata illa. Teku yana shanye kimanin rubu'in iskar kabon da duniya ke fitarwa, hakan ya ƙara masa tsami da kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu, kuma ruwa mai tsami yana hana 'ya'yan kawa gina ɓawo.

Abin lura shi ne abin da matan Gambiya suka yi. Sun kafa ƙungiyar TRY a 2007, kuma a 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon kula da kawa a dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul. Suka amince a rufe ɗiba na wata takwas a shekara, a daina ɗaukar ƙanana, a kuma daina sare jijiyoyin itatuwan da kawa ke maƙalewa. Ba su da iko a kan zafin teku, amma sun rage nauyin da ke hannunsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, hana su a Matan Fada har sai ranar biki tsohuwar doka ce da Sarkin Ruwa da masarauta ke tsarewa.

Yarjejeniyar da ke jiran a aiwatar

Najeriya da Nijar sun kafa Hukumar Haɗin Gwiwa a 1971, mai hedikwata a Yamai. A ranar 18 ga Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Ta ƙunshi kwaruruka huɗu: Maggiya-Lamido, da Gada-Gulbin Maraɗi, da Tagwai-El Fadama, da ƙasan Komadugu Yobe. Ta tanadi musayar bayanai da tuntuɓar juna kafin a yi aikin da zai taɓa rabon ɗaya ɓangaren.

Jerin sunayen kansa yana nuna inda mafita take. A kan Maggiya, Nijar ce a sama. A kan Kogin Gada kuwa Najeriya ce a sama, kuma Madatsar Jibiya da ke Jihar Katsina tana tare ruwan da manoman Gulbin Maraɗi ke jira. Kukan da mutumin Kalmalo ke yi da Mozage, shi ne mutumin Maraɗi ke yi da Jibiya. Kowace ƙasa tana riƙe da abin da ɗayar ke so, kuma a irin wannan yanayi ne ciniki ke yiwuwa.

Sai dai siyasa ta yi tsami. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe iyakar Illela, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, ba a buɗe iyakar ta ɓangaren Najeriya ba sai a Maris na 2024. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Amma yarjejeniyar Maiduguri tsakanin ƙasashen biyu ce kai tsaye, ba ta rataya a kan ECOWAS ba, kuma dukkansu suna cikin Hukumar Raya Kogin Neja. Ƙofar tattaunawa a kan ruwa tana nan ga wanda ya so shiga.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, don haka masuncin Kalmalo yana biyan bashin da bai ci ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi a tarukan duniya. A gida kuwa, akwai hukumomi da kuɗi da aka ware saboda irin wannan matsala. Akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai hukumar dasa itatuwa ta Babbar Koriyar Ganuwa, wadda Sakkwato ke cikin jihohinta 11. Akwai kuma Dokar Sauyin Yanayi ta 2021.

Tambaya ta farko ita ce ta awo: wa ke auna ruwan da ke tsallakowa daga Maggiya da zurfin tafkin a ƙarshen kowace damina, kuma a ina ake wallafa sakamakon? Ba a zama teburin rabo ba tare da alƙaluma ba. Ta biyu ita ce ta yashe tafki. Yashewa tana da amfani, amma idan ba a tare yashin daga inda yake fitowa ba, 'yan daminu kaɗan za su mayar da hannun agogo baya. A ƙasar Adar ɗin kanta, aikin Keita da aka fara a 1984 ya nuna yadda jera duwatsu a gangare, da haƙa ramukan tare ruwa, da dasa itatuwa ke farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Ta uku ita ce ta iko: shin masunta da manoman rani da makiyaya za su samu hurumin da doka ta sani na tsara lokacin su, da girman idon raga, da mashayar dabbobi?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi waɗannan bayanai, kuma ta wajabta amsawa cikin kwana bakwai. Kasafin kuɗin jiha ma takarda ce da kowa ke iya dubawa ya ga ko sunan Kalmalo ya fito, da nawa aka ware, da nawa aka saki.

Lamarin ya wuce na kifi. Gabashin Sakkwato yanki ne da 'yan bindiga suka addaba, kuma tafki mai ruwa har bazara yana nufin aikin yi na wata shida ga saurayin da in ba haka ba zai tafi cin rani ko ya zauna hannu rabbana. Nan da ƙarshen kowane Oktoba ake sanin ko za a samu wannan aikin, gwargwadon inda ruwan Kalmalo ya tsaya bayan ɗaukewar damina.